Goron Gidan Goggo

Ina da shekara bakwai aka haifi ƙanena a Cadawa. Ana gobe suna kaka ta ƙulla mini goron gayyata a tsumma, ƙulli biyar, ta lissafa gidajen: gidan liman, gidan wanzami, maƙera, gidan sarkin noma, sai gidan goggo, yayar babana.

"Maimaita in ji, sarkin shiririta."

Na maimaita. Na fita ina rera su kamar waƙa.

A maƙera waƙar ta tsinke. Ana hura zugazugi, tartsatsi na tashi ja yana mutuwa a iska, ni kuwa na saki baki. Da na farga, gidan sarkin noma kawai na iya kamowa. Ƙulli ɗaya ya rage a hannuna, sunan mai shi ya fice daga kaina kamar ruwa a kwando. Na miƙa wa wata tsohuwa da ta yi mini murmushi, na koma gida na ce na gama.

Goggo ba ta zo suna ba. Ta ce inna ce ta tsallake ta da gangan. Shekara goma sha uku ba ta taka gidanmu ba, inna kuma ta ɗauki laifin ba ta taɓa ɗora mini ba. Da ta dake ni da ya fi mini sauƙi.

A lakol, makarantar boko ta Maradi, malaminmu da muke kira mushe yakan karanta doguwar jimla sau ɗaya, mu riƙe ƙarshenta a ka hannu na rubuta farkonta. Da fari rabi nake kamawa. Ban san ranar da kaina ya buɗe ba, kamar yadda mutum bai sanin tsayinsa sai zane ya ɗage masa. Na dai koyi barin tsuntsu ya wuce taga ban bi shi da ido ba.

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, matar yayana ta haihu. Ni aka aika da goron suna, gida ashirin da uku, ba takarda. Na san inda aka yi rashi a fara da ta'aziyya, da inda ba a ambaton sunan wane. Na fara da gidan goggo.

Tana tsinkar zogale, ba ta ɗago ba.

"'Yar lakol! Yau an gane hanya?"

Amsa ta zo har bakina: ni ce, yarinya ce ni, ba inna ba. Amma na sha faɗa mata haka, kullum sai ta ce an koya mini. Na haɗiye, na durƙusa, na ajiye goron gefen faifai.

Ta daɗe tana kallonsa.

"Ki ce ma uwarki, in ƙafa ta bari, ina tafe da hantsi. Kar a sa mini yaji."

Na ɗauki maganar nan na ratsa gida ashirin da biyu da ita, cikin rana, ana ta ba ni wasu saƙonni a kai. Kaina ya yi nauyi kamar tulu. Ban tsaya ko'ina ba fiye da gaisuwa.

Da la'asar na tarar da inna tana surfe. Na faɗa mata yadda aka faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba.

Ta tsayar da taɓarya.

"Da hantsi ta ce?"

"Da hantsi."

Ta share goshi da bakin zane, ta ce wa masu girki a raba tukunyar miya biyu. Ni kuwa na zauna a ƙasa, na kasa ko cire takalmi.