Shuɗin Lawashi

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a fadamar Tama ya san Imrana ɗan Habu. Dogo ne, siriri, ba ya dariya sai ta kama dole. Samarin garin suna kiransa Filot a bayan idonsa, amma ba mai ƙarfin halin faɗa masa a gabansa, don yana iya wanka wa mutum mari.

Tun yana makarantar lise a Madawa ya sa wa ransa tuƙin jirgin soja. Wani tsohon ajidan na soja, ɗan garin Tabotaki, mai suna Yaƙubu, abokin mahaifinsa da ya ajiye kaki, shi ya cusa masa abin. Yakan ce a zamaninsu sai an kai yaro ƙasar wasu kafin ya koyi tuƙi, amma yanzu akwai rundunar da ke horar da matuƙa a nan gida. Aikinta ta fitar da samarin da za su tashi su duba iyaka, su kwaso sojan da aka raunata, su kai abinci inda hanya ta yanke. Imrana yana sauraro, abin na ƙara shiga ransa.

Sai dai rundunar tana da iyakar shekaru, shi kuwa bai shiga lakwal, wato makarantar boko, da wuri ba, kiwon awaki ya riƙe shi. Da ya samu bak, takardar gama lise, dama ɗaya tak ta rage masa.

Ya tafi Yamai ya yi konkur, jarrabawar shiga rundunar. Lissafi ya ci, Faransanci ya ci, gudu kuwa ɗan da ya tashi yana hawan duwatsun Adar ai ba a magana. Saura gwajin ido. Aka shigar da shi ɗaki mai duhu, likitan soja ya ce zai riƙa kunna ƴar fitila daga nesa, shi kuma ya faɗi launinta da Faransanci ba tare da jinkiri ba. Ja ta fito, ya faɗa. Fara ta fito, ya faɗa. Sai ga wata irin launin lawashin albasa da ya ƙoshi da ruwa.

Wallahi ya gan ta sarai. To amma a gidansu lawashi shuɗi ne, gero in ya yi kyau shuɗi ne, tsanwa kalmar rediyo ce. A lakwal kuma mushe, malaminsu, ya koya musu cewa shuɗi shi ne "bleu". Ga duhu, ga gaba na faɗuwa, sai kan yaro ya koma Tama. Bakinsa ya ce, "Bleu." Aka sake kunna ta, ya sake faɗa. Sai da aka buɗe taga ya gane abin da ya yi wa kansa.

Ya shiga bayani. Likitan ba Bahaushe ba ne, bai kuma ga abin da ya haɗa albasa da jirgi ba. Ya ce masa matuƙin da za a haska wa fitilar sauka ya tsaya fassara, gara ya zauna ƙasa. Aka sallame shi a kan ba ya bambance launi.

Abin takaicin, ko a gida bai samu mai gane masa ba. Mahaifiyarsa Cima ta gama sauraro ta ce, "To mi ne ne laihinka? Lawashi ai shuɗi ne. Su ne ba su gani." Ya rasa inda zai sa kansa, ya tashi ya bar mata tuwon.

Ajidan Yaƙubu ya ce ba za ta saɓu ba, sai an sake gwajin. Suka dinga zarya, daga Buza zuwa Tawa, daga Tawa zuwa Yamai. Yau a ce kumandan ya yi tafiya, gobe a ce fitilar ta lalace. Ana gab da babbar salla suka je, wani saje a bakin ƙofa ya ce su dawo in an gama cin nama. Suka koma, tsohon yana ta ba shi baki a cikin mota.

Bayan salla aka yarda. Wani likita daban ya kunna fitilar, Imrana ya jero launukan ba gargada. Likitan ya dafa kafaɗarsa ya ce idanunsa ras suke, irinsu ma ake nema. Daga nan aka tura shi wurin wani kaftin, wanda ya tambaye shi ranar haihuwarsa, sannan ya ce shekarunsa sun ƙetare iyaka, kwanan nan kuwa.

Yaƙubu yana zaune a inuwar bishiyar bedi a waje. Yana hango shi ya miƙe, har hularsa na zamewa.

"Yaya, ɗana? An duba?"

"An duba, Baba. Lahiya lau suke."

Tsohon ya ɗaga hannu ya fara hamdala, yana cewa ai dama ya faɗa. Imrana ya bar shi ya kai aya, don bai san ta inda zai katse shi ba.

"Baba, mu tahi tasha," ya ce. "Shekaruna sun wuce. Sun ce da na zo kahin salla, da sun ɗauke ni."