Dutsen da Ya Faɗo Gonar Babanmu

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar da dutse ya faɗo gonar Babanmu a Birchi.

Lokacin ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Dutsin-Ma, kuma in aka taɓo zancen taurari ba na gajiya. Kullum ina ba ɗalibaina labarin yadda masana suka daɗe suna neman halitta a wajen duniyarmu. Da madubin hangen nesa suka fara, har wasu suka rantse sun hango magudanan ruwa a duniyar Mars. Daga baya suka koma kasa kunne da manyan na'urori, suna kuma bincikar duwatsun da ke faɗowa daga sama, ko za su ga alamar rai.

Ran nan na je gida hutun ƙarshen mako. Bayan la'asar, ba hadari ba komai, muka ji wata ƙara mai firgitarwa. Kafin in sa takalmi, gari ya kwashe zuwa gona. A tsakiyar kunyar gero ga rami, a ciki wani baƙin dutse da bai fi dunƙulen hannu ba.

Dattawa suka ce aradu ce. A al'adarmu kuwa ba a taɓa abin da aradu ta faɗa wa sai an kwarara masa nono. Ina waigawa na hango gwaggona tafe da ƙwarya. Ni kuwa na gane irin duwatsun nan ne da masana ke bincika, kuma na san da zarar nonon ya taɓa dutsen, binciken ya lalace. To amma ni wace ce da zan tare dattawa? Na durƙusa kusa da Baba.

"Baba, don Allah kada a zuba."

"Don mi?"

"Nono na da ƙananan halittu, su ke sa shi tsami. In aka zuba, masu bincike ba za su bambanta na sama da na ƙwaryarmu ba."

Baba bai taɓa shiga aji ba, amma duk Birchi wurinsa ake zuwa neman irin shuka, don bai yarda wani gero ya shiga cikin nasa. Sai ya ɗaga wa gwaggo hannu.

"Dakata. Ɗiyata na da gaskiya. Wannan kamar iri ne, in ya gauraya ya tashi aiki."

"Malam, in wani abu ya same ka fa?" in ji wani dattijo.

"Gonata ce. Ni zan ɗauka."

Ya aika aka kawo sabon kwano, ya yi bisimilla, ya tura dutsen ciki da murfin. Mutane suka ja da baya suna salati. Ba abin da ya same shi. Wallahi ban taɓa jin alfahari irin na lokacin ba, har hawaye na yi.

Na kai dutsen jami'a. Bayan makonni aka tabbatar daga sama ya zo. Ba a ga alamar rai ba, amma malamin da ya duba ya ce da wuya a kawo musu irinsa da tsabta haka, ya tambaye ni wane masani ne ya ɗauko shi.

Na ce masa manomi ne, kuma mahaifina.

Tun ranar na daina ganin ni kaɗai ce mai ilimi a gidanmu. Ni na karanta abin a littafi, amma da ya faɗo gabanmu, mai tsaron irin gero ne ya cece shi.