Ranar da Kawu Ya Sha Kaye a Wudil

Mun tashi da asuba ni da ƙanwata, ranar Juma'ar da ta wuce, muka shiga motar Wudil daga Unguwa Uku. Kuɗin mota ya yi tashin da ba a magana, amma duk muka biya, sai wata tsohuwa ce ta yi ta mita har Mariri. Da yake ranar kasuwa ce, tun daga Gano muka fara goga kafaɗa da motocin shanu. A bakin gada muka sauka, ƙanwata ta tsaya cinikin soyayyen kifi. Ta taya rabin kuɗi, mai kifin ya ce, "Hajiya, ga kogin nan, ko za ki kamo da kanki?"

Kawunmu ne ya kira ni. Tsohon malamin Turanci ne, bara ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Ya fara takawa, sai dai maganarsa tana sarƙewa. Abin da ya rage masa na nishaɗi shi ne wasan nan na haɗa kalmomi, wanda ake jera ƙwayoyi masu haruffa a kan allo, kowane harafi da makinsa. Kullum bayan la'asar yana karawa da maƙwabcinsa, wani malamin jami'a, 'ya'yansa suna riƙe maki. Tun da ya tashi daga ciwon nan bai taɓa faɗuwa ba.

Da muka sauko daga masallaci, muka ci shinkafa da wake, sai ya ja ni gefe. "Ɗana, ƙarin maki ake yi mini. Ban kama su ba, amma na sani. So nake in san ko kan nan nawa yana aiki har yanzu. Kai za ka riƙe maki yau, kuma ka ji tsoron Allah." Maƙwabcin ma da ya shigo bai tsira ba, Kawu ya gargaɗe shi. "Malam, in ka sassauta mini ban yafe ba."

Aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya, aka miƙo mini alli, ina rubutawa a kan siminti inda kowa ke gani. Ban san riƙe maki yana da nauyi ba sai ranar. Ƙwaya takan suɓuce wa Kawu, ya lalubo ta da kansa. Can ya jera wata doguwar kalma, amma ta tsaya gida ɗaya kafin jan gidan da ke ninka maki sau uku. Babbar 'yarsa ta tsare ni da ido daga bakin ƙofa. Wallahi tausayinsa ya kama ni har na ji ƙwalla. Na rubuta abin da ya samu, ban ƙara ko ɗaya ba.

Da ƙwayoyi suka ƙare, na cire makin waɗanda suka rage a hannunsa kamar yadda doka ta ce, na haɗa jimla. Malam ne ya ci. Kawu ya sunkuya ya daɗe yana bin lambobin da yatsa, sannan ya ɗago yana dariyar da rabon a ji ta tun kafin ciwon.

"Da ɗan wannan tazarar kawai ka ka da ni? Ashe da saurana! Malam, gobe ka zo da wuri."

Kafin magariba muka kamo hanyar Kano. Ƙanwata ta yi barci tun daga gada, ni kuwa na kasa. 'Ya'yan Kawu ba mugunta suka yi ba, ƙauna ce. Amma duk nasarar da suka ba shi a shekarar nan, gaya masa take yi cewa an fid da rai da shi. Tafiyar nan ta koya mini cewa in har kana ganin mutum da sauran ƙarfinsa, ka bar shi ya faɗi.