Accar Mama a Cikin Yashi

Ana jibi bikin 'yata, mijina ya ja buhun acca a kan ƙusa. Mutum ne mai son taimako, sai dai taimakonsa kan bar baya da ƙura. Kafin in ce wayyo, rabin buhu ya malale cikin yashin tsakar gidan da muke haya a Gyadi-Gyadi.

Wannan acca ba ta kasuwa ba ce. Mahaifiyata ce ta noma ta a ƙauyenmu na Filato, da ciwon gwiwarta, don a yi gwate, wato faten acca, ranar auren jikarta. Tana hanya kuma, ga shi harshenta ya san accar gonarta. Wanda ya san acca ya san ƙwayarta da yashi kusan girmansu ɗaya. Na zauna a bakin ƙofa raina a ɓace, mijina ya sulale wai zai duba mota.

Ina zaune na ga tururuwa sun riga sun kama aiki. Kowace ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta bi layi, wadda kaya ya fi ƙarfinta 'yar'uwarta ta kama mata. Ban ga shugaba ba, ban ga mai jiran a gode mata ba. Na ce a raina, Ubangiji, su ma Kai ka yi su, ni ma ka ba ni 'yan'uwa. Na ɗauki waya na kira uwar zumuntar matan cocinmu.

La'asar ba ta yi ba gidan ya cika da mata, daga Tarauni, daga Hotoro, kowace da ƙwaryarta. Maƙwabciyata, wata Hajiya nas, ta dawo daga asibiti ta leƙo.

"Maman yara, lafiya?"

Da ta ji, sai ta naɗe hannun riga. Aka kwashe accar da yashinta, aka zauna regaya: a zuba ruwa, a karkata ƙwarya, acca ta gangara, yashi ya kwanta. Muna waƙa, muna yi wa mijina tsiya, shi kuma ya dawo yana jan ruwa kamar ɗan ga-ruwa. Na yi dariya har cikina ya ƙulle.

Ranar biki na miƙa wa Mama gwate. Ta kai cokali baki, ta tauna a hankali.

"Tawa ce," ta ce. "Ko yashi ɗaya babu. Wa ya rege ta?"

Na dubi matan, kowace ta nuna ta kusa da ita.