Muryar Baba Bayan An Kawo Wuta

Atinuke Oyediran tana da shago a Dugbe, cikin Ibadan, inda take gyaran kwamfuta da haɗa kyamarorin tsaro. Tinuke ake ce mata. Ba ta da yawan magana, abin da ke ba mutane mamaki, don ubanta, Baba Oyediran, shekara da shekaru ya yi yana kiran fasinja a tashar motar Oshogbo, kuma ko a gida bai san yadda ake rage murya ba. Tun tana ƙarama ta bar masa maganar, ta kama aikin hannu. Rediyonsa ta fara kwancewa, ta sha duka, ta mayar da shi, ya ci gaba da aiki.

Ta karanta lantarki a kwalejin fasaha, ta yi aure, auren bai je ko'ina ba, ta dawo gida da akwatin kayan aikinta. Uwarta ta rasu tuni. Yayanta yana Legas, gwani ne wajen gaisuwa ta waya. Saboda haka da shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, ta tafi da hannunsa na dama da maganarsa baki ɗaya, ba a ma tsaya tambayar wa zai riƙe shi ba.

Hankalinsa garas yake, wannan ne ma ya fi ciwo. Ƙanwarsa, Goggo Ajoke, ke zama da shi da rana in Tinuke ta tafi shago, ita kuwa ba ta iya cankar abin da yake nufi ba. In ya nuna ƙofa ta kawo ruwa, in ya nuna ciki ta kunna fanka.

Sai Tinuke ta samo tsohon allo mai aiki da taɓawa daga wani gidan abinci da ya rufe, ta haɗa shi da 'yar kwamfuta da ba ta fi sabulun wanki girma ba. Ta rubuta manhaja mai nuna manyan hotuna: kofin ruwa, kwanon amala, banɗaki, gado. In Baba ya taɓa hoto da hannun hagu, murya ta faɗi abin da yake so da Yarbanci. Da farko muryarta ta sa, ya ɓata rai ya ƙi taɓawa. Dole ta je tasha ta ɗauko muryar wani tsohon abokinsa mai maƙogwaro irin nasa, sannan ya yarda.

Matsalar ita ce wuta. In aka ɗauke, batir ya ɗan riƙe ya mutu. In aka kawo, kwamfutar ta kunnu, amma sai ta tsaya tana neman kalmar sirri, bayan nan kuma sai wani ya buɗe manhajar da hannu. Ta yi ta nuna wa Goggo.

"Ke rabu da ni," in ji Goggo. "Wayata ma maƙwabta ke buɗe mini. Ki yi masa yadda zai tashi da kansa mana, ba ke ce injiniya ba?"

Gaskiya ta faɗa. Kowace kwamfuta irin wannan tana da ayyukan da take tayarwa da kanta in ta kunnu, 'yan sana'ar suna ce musu sabis. Tinuke ta sa manhajar cikinsu, ta ba da umarni, hotuna suka bayyana nan take. Ta gwada, ta sake gwadawa, lafiya lau. Ta ɗauki jakarta ta tafi shago da ƙwarin gwiwa. Abin da ba ta yi ba shi ne ta zare wayar wuta ta ga yadda abin zai tashi daga mutuwa. Duk gwajin nata, allo yana kunne ta yi shi.

Da yamma ta tarar da Goggo a tsakar gida tana wankin zanen gado.

"An ɗauke, an kawo, abin naki ya tsaya yana kallonmu," in ji Goggo, ba ta ɗago ba. "Ya yi ta dukan allon nan. Na kawo ruwa, na kawo magani. Kafin in gane banɗaki yake so, mai afkuwa ta afku."

Baba yana kwance ya juya wa ɗaki baya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ko motsi bai yi ba. Ranar bai ci abinci ba. Kunya ta kama Tinuke, da haushin kanta, don ita ta ce masa ya dogara da abin.

Washegari ba ta buɗe shago ba. Ta zauna ta bincika abin da ya faru, amsar kuwa gajeriya ce. Sabis ɗin ya tashi kamar yadda ta umarce shi, amma ya yi sammako fiye da kima. Manhajar ta nemi allon da za ta zana hotuna, ta tarar ba a gama shirya shi ba, ta mutu abinta, kamar mai talla da ta iske kasuwa a rufe ta koma gida ta kwanta. Tinuke ta cire tambayar kalmar sirri, ta mayar da sabis ɗin ƙarƙashin sunan mai amfani da allon, ta ce ya jira sai allo ya buɗe, in kuma manhajar ta faɗi ya sake tayar da ita.

Sannan ta ja teburin gaban gadon Baba, ta cire batir, ta zare wayar wutar, ta mayar, ta rungume hannu. Allo ya yi baƙi, rubutu ya yi ta gudu, hotuna suka fito. Ta sake zarewa. Haka ta yi ta yi har azahar. Baba ya juyo ya kalla, amma bai miƙa hannu ba. Kwana da kwanaki bai taɓa allon ba, ita kuma ba ta matsa masa ba. Ta koma shago zuciyarta ba daɗi.

Wata rana tana kan tsani tana ɗaura kyamara a wani kanti, wayarta ta yi ƙara. Ta duba, ta ga Goggo ce.

"Tinuke, yaya ake kashe abin nan?"

"Me ya faru, Goggo?"

"Tun da aka kawo wuta ubanki ke danna amala. Na ce masa ruwa bai tafasa ba, ya ƙi ji. Ga shi nan, saurara."

Ta cikin wayar ta ji muryar ƙato tana neman amala, ta sake nema, ta sake. Ta sauko ta zauna a kan matakin ƙarshe na tsanin.

"Ba a kashewa, Goggo," in ji ta. "Ki ƙara wa wutar itace."