Gangar da ta hana ni sujada

Na sha wuya, kuma irin wuyar da ba ta da wurin kai ƙara. Shekara tara ina tsaye gaban majami'a kowace Lahadi da ganga a kafaɗa, mutane na kuka suna cewa Ubangiji ya sauko, ni ko zuciyata wayam kamar tulun da anka kife. Aji uku na yi a lakkwal, wato makarantar boko, ku yi haƙuri da rubutuna.

Ubana makaɗin kokowa ne. Tare da shi na tashi, muna yawon ƙauyukan Barmu da Kalhu in an gama yankan hatsi. Kowane ɗan kokowa da takensa, wato kiɗan da aka san shi da shi, in ka kaɗa mai ko yana kwance da masassara sai ya miƙe. Wurin ubana na koyi yadda ake tada jinin taro: ka fara a hankali, ka matsa, ka yanke ɗif, ka bar su rataye, sannan ka dawo da ƙarfi. Bayan rasuwarsa na zo garin Tawa na kama facin taya, nan kuma na karɓi Almasihu ta hannun wani maƙwabcina. Dangina ba su kore ni ba, amma sun daina kirana shawara. Majami'ar nan tamu ƙarama, ita ta zama dangina.

Da fasto ya ji na iya kiɗa sai ya ɗora mini ganga. Lahadin farko waƙa ta ƙi tashi, ana jan ta kamar jaki cikin rairayi. Ban san sa'ad da hannuna ya zame cikin taken wani tsohon ɗan kokowa na wajen Barmu ba. Nan take ɗaki ya kama. Wata tsohuwa da ke zama bencin gaba ta durƙushe tana kuka, saura sunka bi ta. Fasto ya ɗaga hannu ya ce ɗaukakar Allah ta cika gidan. Ni na san abin da na kaɗa, amma na yi shiru, don na ji daɗin yadda anka riƙa kama hannuna a bakin ƙofa. Shirun nan shi ya ɗaure ni.

Daga ranar, in ban kaɗa taken nan ba sai a ce sujadar yau ba ta yi armashi ba. Ni kuma in ina kiɗa ba na waƙa, ba na jin abin da ake faɗi, fuskoki kawai nake kallo ina auna inda zan yanke. A gida in na durƙusa, yatsuna na kaɗa cinya, addu'a ba ta fitowa. Sau ɗaya na nemi hanyar fita, na ce wuyan hannuna ke ciwo. Sai fasto ya tara jama'a duka a kaina, anka shafa mini mai, anka yi addu'a har da hawaye. Me zan ce? Na ce na warke. Anka ƙara wannan cikin shaidar ikon Allah, matata kuma ta riƙa ba baƙi labari tana alfahari. In na faɗi gaskiya, ina zan sa kaina? Wancan gefe na dangina an rufe mini ƙofa, nan kuma ni ne mutumin Allah.

Wata Asabar da la'asar tsohuwar nan ta zo rumfata ta hanyar kasuwar dabbobi. Ta zauna bisa tsohuwar taya ba tare da na ce ta zauna ba, ta kira ni ɗan makaɗi, ta ce ta san ubana tun ban san hannun dama ba. Ta ce taken da nake kaɗawa na mijinta ne, wanda ya rasu kafin ta dawo Tawa wajen ɗiyarta. Shekara tara tana zuwa neman Allah, da ta fara tattara zuciyarta sai in tada mata mijinta, ta gan shi tsaye cikin fili da layunsa a damtse. Shi take yi wa kuka, ana ce mata mai Ruhu, kunya ta hana ta ƙaryatawa. Ta ce ranakun Lahadin da sunka rage mata ba su da yawa, tana roƙona ko guda in bar mata ta ba Ubangiji. Sannan ta tambaye ni, ni in ina kaɗawa wa nake gani. Na ce mata, Inna, ku nake kallo. Ta ce ai ta sani, ta kakkaɓe zanenta ta tahi.

Ban ce ganga haramun ce ba, kuma ban ce duk mai kuka a majami'a ƙarya yake ba. Abin da na sani shi ne tashin tsikar jiki ba wuya gare shi ba, ubana da bai taɓa shiga majami'a ba yana yi wa gari guda. 'Yan'uwana masu kiɗa da masu jan waƙa, ku tambayi kanku wa kuke kallo. Ku kuma fastoci, in mutum ya ce muku hannunsa na ciwo, ku zauna da shi ku ji ko ba hannun ba ne. Ni na tsaya tsakanin tsohuwa da Allahnta shekara tara, na kuma tsare ma kaina hanya, ana yi mini godiya.

Washegari na bar gangar rataye a ƙusa. Matata ta biyo ni da ita har ƙofar gida, na ce ta mayar. Na iske fasto yana jera benci, na faɗa mai duka, har da ƙaryar hannu. Sai ya nuna mini wurin zama. Waƙa ta taso a jaye kamar dā. Tsohuwa na gaba idonta a bushe, tana rerawa. Na buɗe baki zan bi, sai na tarar ban san kalmomin waƙar da na shekara tara ina kaɗa ma ganga ba. Na matsa kusa da ita, ina saurare ina maimaitawa.