Mai Hoto da Sabon Kebul

Mai Hoto ya tsufa a ɗaki ɗaya: labule mai zanen teku, kujera mai gurguwar ƙafa, da fitilu biyu masu lema. Rabin unguwa sun zauna a kujerar nan yana ce musu su ɗaga haɓa. Da zamani ya juya, ya kwashe fuskokinsu duka ya zuba a wata baƙar ma'ajiya ta kwamfuta, wadda ba ta fi tafin hannu ba.

Kwatsam tsohuwar kwamfutarsa ta mutu. 'Yarsa ta aiko da sabuwa, siririya kamar faranti, ramukanta ƙanana, kan kebul ɗin ma'ajiyar kuwa faffaɗa ne. Ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa, ya ƙi shiga. A makon ne matar marigayi maƙwabcinsa ta zo neman hoton mijinta, guda ɗaya tak da aka taɓa kama shi yana dariya. Mai Hoto ya ce ta ɗan ba shi lokaci.

Tsoron kada ma'ajiyar ta faɗi a hanya ya hana shi fita da ita. Sai ya yi abin da ya iya: ya kunna fitilu, ya ɗauki hoton raminta da na kwamfutar, ya wanke su manya-manya, ya nufi shagon kayan waya.

Mai shagon ta yi dariya har da dafa tebur. "Baba, ai wannan ƙofar gareji ka kawo mini."

Duk da haka ta gane su. Ta ajiye masa abu biyu: ɗan adafta da zai jona wa tsohon kebul, ko sabon kebul guda, kowane kai daidai da raminsa. Ta ce duka za su yi. Ya tuna fitilunsa, waɗanda kullum a mahaɗar waya suke ɗaukewa, ya zaɓi gudan.

Ya tambayi mai shagon, "'Yata, hotunan dai suna nan?"

"In ba ka yar da ma'ajiyar ba, Baba, suna nan."

Da ya koma ɗakinsa, kebul ya shige ba gardama. Ma'ajiyar ta yi gurnani a hankali ƙarƙashin yatsansa, ɗan haskenta ya ƙifta. Fuskoki suka fara fitowa: amare, jarirai, 'yan makaranta. Can ga maƙwabci, haƙora a waje, hula a karkace.

Mai Hoto ya sauke ajiyar zuciya. Sannan ya leƙa ta katanga ya ce da matar marigayin ta zo, ta taho da tabaronta.